Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Ohio Ta Amurka, Mike DeWine: Dokar Esther Ta Bar Gwaggona A Waje

Mai girma Gwamna, barka da aiki.

Kai ka sa hannu a Dokar Esther a Disambar 2021, ta fara aiki a Maris ɗin 2022. Ka san tushenta. A 2011 ɗan Esther Piskor ya ɓoye kamara a ɗakin mahaifiyarsa a wani gidan jinya a Cleveland, ya ga irin azabar da ake gana wa tsohuwar da ba ta da bakin kai ƙara. Shekara 10 yana fafutuka kafin mazauna gidajen jinya a Ohio su sami 'yancin sa kamara a ɗakunansu, da kuɗinsu, muddin abokin zama ya yarda.

To amma dokar da ka sa wa hannu a gidajen jinya ta tsaya. Gidajen da ake taimaka wa tsofaffi da wanka da abinci da shan magani ba su shiga ba, alhali masu ciwon mantuwa da yawa a can suke.

Gwaggona a irinsu take, nan Columbus. Wata Lahadi na tarar da shatin yatsu a tsintsiyar hannunta, abincin rana ya sandare a kwano har magariba. Na ce, "Gwaggo, wa ya riƙe ki haka?" Ta dube ni, ta kira ni da sunan mahaifiyata da ta rasu. Ɗan Turancin da ta iya ciwon ya tafi da shi, Hausa ce kaɗai ta rage mata, kuma ba mai jin ta a gidan. Da na nemi izinin sa kamara, aka ce dokar ba ta shafe su ba. Ranka ya daɗe, in ba kamara ba, wa zai yi mata shaida?

Ban yi wa ma'aikata kuɗin goro ba. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, suna aikin dare da rana, kuma kamarar nan za ta wanke mai gaskiya.

A 2023 ka kafa kwamiti kan ingancin gidajen jinya, muka sa rai. 

Don Allah ka matsa wa majalisar jiha ta faɗaɗa dokar kafin ka bar kujerar nan. Gwaggona ta haura tamanin, kuma duk daren da na baro ta ba na iya runtsawa.

Naka,
Wani mazaunin Columbus