Gangar Sami da ta koma gida

Edita, barka da aiki.

Ina so masu karatu su san labarin wata ganga ta mutanen Sami, makiyayan barewar ƙanƙara a arewacin Norway, Sweden, Finland da Rasha.

Da hannu ake yin ta. A ɗaure fatar barewa a kan itace, a zana mutane da dabbobi da jan ruwan ɓawon wata bishiya, makaɗin kuma da ƙaho ake sassaƙa shi. Da ita masu duba suke aiki, shi ya sa hukumomi da limaman coci suka bi suna ƙwacewa suna ƙonawa.

A 1692 aka gurfanar da wani tsoho, Anders Poulsen, a garin Vadsø da ke arewacin Norway bisa zargin maita. Kafin a yanke hukunci aka kashe shi da gatari a tsare, gangarsa kuma aka kai Copenhagen, babban birnin Denmark. Sai a 2022 Denmark ta amince ta bar wa gidan tarihin Sami na garin Karasjok a Norway ita, bayan tun 1979 tana can a matsayin aro. Aro fa! Kayan kakanninka, a ba ka aro.

Don Allah jaridarku ta riƙa kawo mana irin waɗannan labarai.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya