Wasiƙa ba ta taɓa tsallaka teku a kyauta ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka. Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar nan da nake yawan ji a bakin mutane, wai gidan waya asara ne kawai, in ba zai iya ciyar da kansa ba to a ƙyale shi ya mutu. Ni kam wannan magana ba ta kwanta min ba, kuma dalilina yana cikin wata tsohuwar adaka ta kakanmu, Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa da muka buɗe adakar na tarar da wani ambulan duk ya yi ja, gara ta ci gefe ɗaya, kan sarkin da ke jiki kuwa kan sarki ne na gaske, hoton Sarkin Ingila ne ɓaro ɓaro, ga hatimin Liverpool a gaba ga na Kano a baya. Kuɗin da aka biya ɗan kaɗan ne, amma takardar nan ta yi kusan mako biyu a teku kafin ta sauka Ikko, sannan jirgin ƙasa ya hauro da ita Arewa. Sai na tambayi kaina, to wa ya biya kuɗin kwal da albashin matuƙa? Wallahi tun daga ranar na kamu da bin tarihin abin.

A 1839 gwamnatin Ingila ta ba wani mai jiragen ruwa, Samuel Cunard, kwangilar ɗaukar wasiƙu zuwa Amurka a jirgi mai tururi, aka fara da fam 55,000 a shekara, ba a jima ba aka ƙara masa don kuɗin bai isa ba. Jirginsa Britannia ya tashi daga Liverpool ran 4 ga Yuli 1840 zuwa Halifax da Boston. Kuma fa ba awon buhu ake yi a biya shi ba, dunƙule ake ba shi ko wasiƙa ta yi yawa ko ta yi kaɗan, sharaɗin dai jirgi ya tashi ranar da aka yanka, in ya makara akwai tara, kuma hukumar sojan ruwa ce ke riƙe da kwangilar har jami'inta take sawa cikin jirgin yana gadin buhunan. Amurkawa da suka ga haka su ma suka tsaya wa nasu kamfanin jiragen ruwa na Collins, dala 385,000 a shekara, a 1852 suka ɗaga zuwa 858,000, sai ƙaddara ta faɗa masa, jirginsa Arctic ya nutse a 1854, Pacific ya ɓace a 1856 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, majalisa ta zaftare tallafin, kafin 1858 ta fita kamfanin ya durƙushe. Ka ga ke nan jirage masu gudu da ƙawa irin nasa ma da aka janye musu hannu ba su kai labari ba.

Lissafin da ya fi burge ni shi ne na yarjejeniyar Ingila da Amurka ta 1848. Wasiƙa ɗaya santi 24 ce, wato sule ɗaya a kuɗin Ingila, amma a ciki santi 16 na teku ne, 5 na Amurka, 3 na Ingila, kuma ƙasar da jirginta ya yi dakon ita ke kwashe 16 ɗin. Kashi biyu cikin uku duk ruwa ya cinye! Shi ya sa kowa yake ta ƙoƙarin a ce jirginsa ne ya ɗauka. Sule guda kuwa a wancan zamanin ba ƙaramin abu ba ne a wurin lebura, mutum sai ya yi tunani biyu kafin ya gaida mahaifiyarsa a takarda. A hankali aka riƙa sassautowa, santi 12 a 1868, santi 6 a 1870, har aka zauna a birnin Bern na Switzerland a 1874 aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya aka ce kan sarki ɗaya ya wadatar, ƙasashe su daidaita kuɗin dako tsakaninsu bisa nauyi.

Mu ma nan abin ya shafe mu kai tsaye. A 1852 wani ɗan kasuwar Birtaniya, Macgregor Laird, wanda tun 1832 ya shigo kogin Kwara da jirgi mai tururi, ya samu kwangilar shekara goma ta kawo wasiƙu gabar Afirka ta Yamma duk wata, ana biyan kamfaninsa sama da fam 20,000 a shekara, jirgi yana tsayawa Banjul da Saliyo da Cape Coast da Ankara da Ikko har tsibirin Fernando Po. Ban ce don Allah suka yi ba, Malam Edita, ruwa ba ya tsami banza, jirgin da ya kawo wasiƙa shi ke komawa da manja, kuma shekara tara kacal bayan nan, a 1861, Turawa suka karɓe Ikko. Sun san cewa wanda ya riƙe hanyar saƙo ya riƙe kasuwa, shi ya sa ba su ji zafin zuba kuɗi ba ko da kan sarki bai mayar musu ba. Daga baya kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ya gaji hanyar, jirginsu Aureol bai daina zuwa Apapa ba sai 1974.

To in masu mulkin mallaka sun biya don amfanin kansu, mu me zai hana mu biya don amfanin namu mutanen? A garinmu ginin gidan waya na nan amma akwatunan duk sun yi tsatsa, kwanaki wata dattijuwa maƙwabciyarmu sai da ta ba direban mota naira dubu uku ya kai wa ɗanta takardun makaranta, ta kwana biyu ba barci tana jiran ya kira ya ce sun iso. Wayar salula ba ta ɗaukar takardar shaida ko magani. Ina roƙon ku tura wakilinku ya zaga gidajen waya na ƙananan hukumomi ya gano mana nawa ne har yanzu ake buɗewa da safe.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga jihar Kano