Wasan Da Ake Ci Tare, A Kuma Faɗi Tare

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi bayani kan wani wasa da ƙanena ya kawo mana gida a hutun Babbar Sallah, mai suna Arkham Horror. An fara fitar da shi a Amurka a 1987, amma namu bugun 2005 ne.

Mu da muka tashi da dara da ludo mun saba kowa ya nemi kayar da ɗan'uwansa. A wannan kuwa, mutum ɗaya zuwa takwas ne ke haɗa kai a matsayin masu bincike a wani ƙagaggen gari na shekarar 1926, inda ƙofofi ke buɗewa dodanni suna fitowa, aikinsu kuma shi ne su toshe ƙofofin kafin babban dodon ya farka.

Mun shimfiɗa allonsa a tabarma bayan La'asar, muka tashi muka yi Magariba da Isha'i, sannan muka ƙarasa shi. Ba a sa ko sisin kwabo, don haka babu zancen caca. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda Yaya, wanda ba ya yawan hira da yara, ya tsaya yana neman shawarar autarmu kan ƙofar da ya kamata a fara toshewa.

Wahalarsa ɗaya: dokokinsa masu yawa ne, kuma da Turanci suke. Ina kira ga matasanmu masu fasaha su ƙirƙiro mana irinsa da Hausa, su gina shi a kan labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura.

Naka,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina