Amsa ga Malamin da ya tambaye ni dalilin mutuwar mutanen sansanin Mars

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka yi mini a Facebook ranar da na saki babin ƙarshe na labarina, na kuma ga yadda ka jero sunayen mutane a ƙarƙashinta domin su zo su gani. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Ga wanda bai bi labarin ba: mutum shida aka kai duniyar Mars su zauna a sansanin bincike, jirgin da zai kai musu kaya bai tashi a kan lokaci ba, guguwar ƙura ta rufe rana, suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaya me ya sa na kashe su duka, kuma ko Musulmi zai rubuta labarin da babu ceto a cikinsa in ba ya yanke ƙauna daga rahamar Allah ba. Ka ƙara da cewa kwaikwayon Turawa ne, kuma mutanenmu na fama da yunwa ni ina can sararin sama.

Maganar yanke ƙauna ce ta hana ni barci. Ka fi ni sanin nauyin wannan kalma. Da cewa ka yi labarin bai yi armashi ba, ko alƙalamina bai nuna ba tukuna, da na karɓa hannu biyu, don na sha karɓar gyara a wurinka. Amma imanina ka taɓa, a gaban ɗalibaina da 'yan'uwana, har ƙanwata ta kira ni tana tambaya ko wani abu na rubuta na saɓo. Shekaru nake rubutu da sunana na gaskiya, ba a taɓa kama ni da wasa da addini ba, kai ma shaida ne.

Ban kashe su don jin daɗi ba. Wurin da na kai su ne bai da sassauci, kuma na ƙi yi wa mai karatu ƙarya a kansa. Iskar Mars kusan kashi 95 cikin ɗari kabon-dayoksaid ce, wadda ba a numfashi da ita, nauyinta kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Matsakaicin sanyin wurin ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifiri. Idan ka yi kiran neman agaji daga can, saƙon kan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso duniya, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a kewayensu. Ko an ji ka, ba a tashi a zo yau. Sau ɗaya a kusan kowane wata 26 hanya ke buɗewa, lokacin da duniyoyin suka daidaita, sannan tafiyar kanta ta ci wajen wata bakwai. Motar binciken Perseverance ta bar duniya ƙarshen Yulin 2020, sai 18 ga Fabrairun 2021 ta sauka. A labarina masu kuɗin aikin sun yi ta jan ƙafa a kan kasafi har hanyar ta rufe. Daga ranar lissafin abinci da iska ya riga ya nuna inda za a ƙare, kuma mutanen shida sun iya lissafi.

Ƙurar ma ba ni na ƙirƙira ta ba. Motar Opportunity ta NASA, hukumar binciken sararin sama ta Amurka, ta sauka a Mars a Janairun 2004 da nufin ta yi aikin kwana 90, ta yi sama da shekara 14. Abin da ya ƙarar da ita guguwar ƙura ce da ta lulluɓe Mars a Yunin 2018, ta tare hasken rana, batirinta ya mutu. Na'urar InSight ma ƙura ce ta taru a kan farantan solarta har ta yi shiru a Disambar 2022. Duk lokacin hunturu ina hawa rufin gidanmu da tsumma in goge namu farantin, don in na bar shi kwana uku fitilar ɗaki kan mutu tun kafin isha. A kan rufin nan labarin ya zo mini, ina kallon jan ƙasa a tafin hannuna, ina tunanin wanda numfashinsa ya dogara da farantin. Akwai wata 'yar na'ura a jikin Perseverance da aka gwada tatso oksijin daga iskar Mars da ita. Duk abin da ta samar daga 2021 zuwa 2023 giram 122 ne, wanda sa'o'i kaɗan zai riƙe mutum ɗaya. To wane jirgi kake so in sauko da shi a shafin ƙarshe? Daga ina zai taso?

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ina kyautata zaton ba ka karanta babi na tara ba, don da ka karanta da ba ka yi wannan tambaya ba. A nan ne likitar sansanin ta rage ita kaɗai. Ruwa ya yi ƙarancin da ba za ta yi alwala da shi ba, sai ta ɗauko dutse ɗaya daga cikin waɗanda suka tara don bincike, ta yi taimama a kansa. Yinin Mars ya fi namu da kusan minti 40, don haka ta zana wa kanta jadawalin salla a bangon ɗaki. Tana idarwa ta koma teburin aiki, ta ci gaba da liƙa wa kowane dutse lambarsa da wurin da aka ɗauko shi, da rubutu mai kyau, domin wanda zai zo bayan shekaru ya iya karantawa. Malam, wannan ce macen da ta yanke ƙauna? Ta san ajalinta ya matso, ta sallama wa Ubangijinta, ta kuma riƙe amanar da aka ba ta har numfashinta na ƙarshe. Ina rubuta shafin nan hawaye na ɗiga a kan takarda.

Kuma irinta sun taɓa rayuwa a doron ƙasar nan. A 1912 Baturen Ingila Robert Scott da abokan tafiyarsa huɗu sun isa tsakiyar ƙanƙarar Antatika ranar 17 ga Janairu, suka tarar wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, Amundsen, ya riga su. A hanyar dawowa duk suka mutu, ukun ƙarshe a cikin tanti, kimanin mil 11 daga rumbun abincin da aka ajiye musu. Da aka gano gawarwakinsu a watan Nuwamba, an same su da duwatsu masu nauyin wajen kilo 16 da suka yi ta ja cikin yunwa da sanyi ba su yar ba. A jikin duwatsun akwai sawun ganyen wata tsohuwar bishiya, wanda ya taimaka aka gane cewa wannan ƙasa ta ƙanƙara ta taɓa zama daji. Daga nan na samo dutsen likitata.

Na san abin da watakila ke ranka. A 2014 hukumar harkokin addinin Musulunci ta Hadaddiyar Daular Larabawa ta yi fatawar hana tafiya Mars ba da niyyar dawowa ba, lokacin da kamfanin Mars One ke neman masu zuwa su zauna can har mutuwa. Kamfanin ya karye a 2019. Na yarda da hikimar fatawar, shi ya sa mutanena suka tafi da alkawarin za a dawo da su. Waɗanda suka zauna a ofis suna ɗage ranar tashin jirgi su suka saɓa alkawari, kuma a kansu labarin ya ɗora laifin.

Batun kwaikwayon Turawa ba zan daɗe a kansa ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Bahaushe sararin sama da harshen Hausa. Batun yunwa kuma, labarin mutanen da aka tura aiki nesa aka manta da su bai yi wa kowa a cikinmu nisa ba.

Abin da ke damuna ya wuce ni da kai. Duk matashin da ya gwada rubuta wani abu ban da soyayya da kishiyoyi, sai a tare shi da tuhumar aƙida tun kafin a duba aikinsa. Na san yara biyu da suka fara labaran kimiyya suka ajiye saboda irin wannan tambaya taka. Ɗayarsu ta goge duk abin da ta rubuta. Kuma in faɗa maka gaskiya, Malam, kana da lambar wayata. Da neman fahimta kake yi, da ka kira ni kamar yadda ka saba. Tun ranar da muka saɓa a taron marubuta kan wanda ya cancanci a karanta aikinsa nake lura da sauyi a yadda kake magana a kaina, kuma jero sunayen nan ya tabbatar mini.

Girmanka na nan a wurina, ba zan kuma daina gaishe ka ba. Ƙarshen labarin dai yana nan yadda yake. Na tura maka babi na tara ta WhatsApp da safiyar yau, shafi goma sha ɗaya ne. In ka karanta ka ga har yanzu yanke ƙauna ne, ka nuna mini layin. In ba ka gani ba, ina roƙon ka janye kalmar a wurin da ka faɗe ta.

Wassalam.