A ba tsofaffin finafinan Marathi gurbi a filin finafinan Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron filinku na tarihin finafinan Indiya, kuma ƙorafina shi ne zancen ba ya wuce finafinan harshen Hindi, alhali mutanen jihar Maharashtra masu magana da harshen Marathi suna da babban kaso a kafuwar wannan sana'a. Dadasaheb Phalke, wanda ya fitar da fim ɗin Raja Harishchandra a 1913, ɗan wannan al'umma ne.

Inda na fi so ku tsaya shi ne kan kamfanin Prabhat, wanda aka kafa a Kolhapur a 1929, ya koma Pune a 1933. Shi ya fitar da Ayodhyecha Raja a 1932, fim mai magana na farko da harshen Marathi, wanda V. Shantaram ya ba da umarni. Prabhat yakan ɗauki labari guda da harsuna biyu, ya saki na Marathi don mutanen gida, na Hindi kuma don sauran kasuwannin ƙasar, saboda masu jin Marathi kaɗai ba za su mayar da kuɗin da aka zuba ba. Haka aka yi da Kunku a 1937, wanda ya fita da sunan Duniya Na Mane a Hindi. Labarin wata marainiya ce da aka ɗaura wa aure da dattijon lauya wanda matarsa ta rasu, mai 'ya'ya tsararrakinta. Ta tare a gidansa, amma ta ƙi yarda ya kusance ta, ta kuma faɗa masa dalili ido da ido. A ganina, finafinan auren dole kaɗan ne suka kai shi ƙarfin hali har yau.

Sant Tukaram kuwa, wani fim ɗin Prabhat na 1936, ya shafe fiye da shekara ana nuna shi a sinima ɗaya a Bombay, sannan ya samu yabo a bikin finafinai na Venice a 1937.

Ba laifin masu kallo ba ne da ba su san waɗannan ba, domin na Hindi ne aka riƙa kawowa sinimominmu. Ina roƙon ku ware ko da mako biyu ga Prabhat, ku fara da Kunku, ku sa wa masu sauraro wata waƙa daga cikinsa.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya