Wasiƙa kan dashen kwins mai fure

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Wasiƙarka ta iso, kuma na yi murna da jin cewa kwins mai fure ka zaɓa wa lambun sabon gidanka, domin wurin da kake yana da sanyin hunturu sosai, shi kuwa wannan itace ba ya yin furen kirki sai sanyi ya ratsa shi.

Asalinsa daga Sin da Japan ne, dangin wardi ne, masana tsirrai kuma suna kiransa Chaenomeles. Na Japan gajere ne, da wuya ya wuce mita 1, amma na Sin yakan kai mita 2 ko fiye, saboda haka ka tambayi irin da aka ba ka kafin ka haƙa rami. Ka nema masa inda rana ke bugawa sosai, nesa da hanyar da yara ke bi, don yana da ƙaya. Ramin ya ninka tushen saiwarsa a faɗi, kada ya fi shi zurfi. A shekarar farko kada ka bar ƙasar ta bushe ƙayau, daga baya kuwa yakan jure fari da kansa. Idan ka ga ganyen ya koma rawaya alhali jijiyoyinsa na nan kore, yawanci farar ƙasa ce ta yi yawa a wurin har ta hana shi shan sinadarin ƙarfe.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne lokacin datsa. Furensa a jikin tsofaffin rassa yake fitowa, tun ƙarshen hunturu, kafin ganye ya toho. A shekarata ta biyu da nawa itacen, na ga rassan sun yi cunkus, sai na sassabe su da kaka da nufin gyara, ban san cewa ƙunshin furen baɗi nake zubarwa ba. Da lokaci ya yi, furanni kaɗan ƙwarai na gani, kuma abin ya daɗe yana damuna. Ka jira har furen ya gama zuba, sannan ka yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na rassan da suka fi tsufa tun daga gindi, ka kuma cire 'yan tsiron da ke ɓullowa daga saiwa idan ba ka son ya mamaye wurin. Taki ma kada ya yi yawa, don ganye zai sa ya yi, furen ya ragu.

Da kaka zai ba ka 'ya'ya masu tauri da tsami, ga ƙamshi mai daɗi. Ba sa ciyuwa ɗanye sai an dafa da sukari.

Ka rubuto mini launin wanda ka samu, ja ne, fari ne, ko ruwan hoda. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
amininka