Zuwa ga abokina a Yamai, kan dukancin da ka tayar

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina gajiya, ina iyali, yaya zafin Yamai? Da fatan Madam da yara suna lafiya. Mu nan Damagaram sai godiya.

Ka yi shiru har mun fara cewa bakin kogi ya cinye ka, sai ga saƙo wai kana son koyon dukanci, ka riƙa taɓawa in ka taso daga biro. Wallahi na ji daɗi. Na kai wa Baba labari a rumfarsa, ya ɗago kai ya ce, "Yaron nan da ko maɓallin riga sai an ɗinka masa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya sa maka albarka.

Amma hoton da ka turo na akwatin kayan aikin nan da keken ɗinki, shi ya tayar mini da hankali. Don Allah kada ka saya. Ka san ka da ɗoki, za ka zuba kuɗi, kayan su kwanta ƙarƙashin gado, Madam ta samu abin faɗa. Abin da kake bukata bai cika tafin hannu biyu ba: wuƙa mai kaifi da dutsen wasa ta, tsinken huda, basilla biyu, zare mai ƙarfi, kakin zuma, da guntun katako da za ka riƙa yanka a kai. Kuɗin ka adana su don fata, nan ne ake cutar sabon shiga.

Ka nemi fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa. Ta tunkiya ta fi araha, ta fi laushi a hannu, za ta ruɗe ka, amma ba ta da ƙarko, zare yana yaga ta. In ka samu ta jar akuyar Maraɗi, to ka dace. Ita ce fatar da ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara da ita, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Kafin ka biya, ka shinshina, ƙanshin bagaruwa ba ya ɓuya. Ka ninka gefe ka matse da yatsa. In fuskar ta tsage, ta bushe da yawa ko ba ta sha mai ba. Ka ɗaga ta ga rana, duk inda wuƙar mai fiɗa ta zarce za ka ga haske ya ratso. Sannan ka roƙi mai ita ya ɗan yanke bakinta ka duba. In ka ga farin layi a tsakiya, jima ba ta ratsa ba, wannan fatar za ta ƙandare, damina na zuwa ta yi wari. In kuma bakin ya yi toka-toka mai shuɗi, ta kamfani ce da aka jeme da sinadari, ba ta karɓar zane, baƙin rininmu ma ba ya kama ta.

Af, ka ji an sa ranar autar gidan Liman? Bayan Sallah. Angon kuwa ba za ka yarda ba sai ka gani da idonka, wanda muke kora daga bayan lakwal ne saboda satar magarya. Yanzu har da kabu-kabu biyu yake ba da haya. Hajiya ta ce in ba ka zo ba kada ka ƙara kiran ta Inna.

To, fata dai. Ba ko'ina ne ɗaya a jikinta ba. Gadon baya shi ne mai ƙarfi, nan za ka fitar da maɗauri da duk abin da zai ɗauki nauyi. Wajen ciki yana miƙewa, ka bar shi don shafi da gwaji. Kuma kada wuƙa ta taɓa fata sai ka yanka siffar a kwali ka haɗa ka ga ta zauna. Na san za ka so ka fara da gafaka ko jakar Madam. A'a. Ka fara da kuben wuƙa ko ɗan alabe, ka yi shi, ka sake yin irinsa, har hannu ya faɗa.

Ɗinki shi ne abin da nake so ka dage a kai. Ka ja layi kusa da baki, ka ɗiga alamar kowace huda da tazara ɗaya, ka huda duka kafin ka ɗauki zare. Baba da ido yake aunawa, ido ba mudu ba ya san kima, amma naka idon bai kai nan ba tukuna, sai ka yi alama. Zaren ka murza shi da kaki, basilla ɗaya a kowane kai, su riƙa haɗuwa a rami ɗaya, wannan ta shiga ta dama waccan ta hagu. Irin wannan ɗinki ko zare ya tsinke a wuri ɗaya ba ya warwarewa. Kada ka ja da ƙarfin tsiya, fata za ta tattare. Inda za ka ninka, ka rage kaurin bakin da wuƙa ta bayan fatar, ka ɗan jiƙa da ruwa, za ta kwanta maka.

Rini ka bar shi sai gaba. Ja daga karan dafi ne, wato karan wata irin dawa mai ba da jan launi, da kanwa, baƙi kuma ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki ne, shi ke haɗuwa da bagaruwar da ke cikin fatar. Duk ranar da ka fara, ka gwada a ragowar yanki, ka shanya a inuwa, in ta bushe ka shafa man gyaɗa kaɗan. Hunturu na zuwa, ka kula, yana busar da fata fiye da yadda kake zato.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba. Idonsa ya yi rauni, yanzu jikansa ke zura masa zare a basilla, amma hannun na nan yadda ka san shi. Yaran duk sun koma sayar da takalman roba. In da gaske kake, ka ɗauki hutu ka zo ka zauna kusa da shi ko na mako ɗaya ne. Yadda yake riƙe wuƙa ba abin da zan iya rubuta maka ba ne.

Ranar Alhamis zan shiga Kasuwar Dole, daga nan in biya wajen majema in zaɓo maka fatu biyu da basilla. Zan ba direban nan namu, in ya iso tasha zai kira ka, don haka ka daina kashe waya. Kilishin da Madam ta ce ma yana ciki, kada ka cinye a hanya.

Ka gaida kowa da kowa. Ƴan majalisa suna gaishe ka, sun ce har yanzu kuɗin shayinka na nan a rubuce.

Naka,
abokinka na Birni